Me Ya Sa Masoyan Muppets Suke Kushe Wasu Finafinansu?

Tambaya: Yarana sun kamu da son 'yan tsanan Muppets, su Kermit da Miss Piggy, har ni ma na shiga kallo tare da su. Da na bincika sai na tarar tsofaffin masoya suna ta caccakar wasu ayyukan, musamman Muppets from Space da The Muppets' Wizard of Oz da shirin talabijin na 2015. Wasu ma cewa suke tun da Jim Henson ya mutu komai ya lalace. Da gaske ayyukan nan ba su da kyau, ko kewar zamanin da ce kawai? Kuma wanne ya kamata in tsallake?

Amsa: Malam, masoyan nan sun fi dacewa wajen nuna aikin da ya gaza fiye da wajen faɗin abin da ya kayar da shi. Ukun da ka ambata duk suna da rauni na gaske, ba kewa ce kawai ba. Amma zancen cewa mutuwar Henson ce ta kashe komai bai tsaya da ƙafarsa ba. Henson ya mutu ranar 16 ga Mayu 1990, abokin aikinsa Richard Hunt ya bi shi a Janairun 1992, kuma a ƙarshen wannan shekarar aka saki The Muppet Christmas Carol, wanda har yau yana sahun gaba a wurin masoyan nan da kansu. Ke nan a wani wuri gizo yake saƙar, kuma ba za a gane wurin ba sai an san yadda ake motsa 'yar tsanar.

Mai wasa yana tsaye ne ƙarƙashin dandalin da aka ɗaga sama kimanin mita ɗaya ko fiye, hannunsa na dama a miƙe bisa kansa cikin kan 'yar tsana. Yatsu huɗu suna riƙe da saman baki, babban yatsa yana riƙe da haɓa. Hannun hagu yana juya siraran ƙarafa biyu da ke maƙale a hannuwanta, kamar yadda ake yi wa Kermit da Gonzo. Ba ya ganin abin da ke bisa kansa, don haka ake ajiye masa ƙaramar talabijin a ƙasa, yana kallon abin da kyamara take gani a daidai lokacin. Shi ne kuma mai yin muryar, nan take, ta makirufon da ke ɗaure a kansa. Irin su Fozzie da kare Rowlf, masu hannuwan da ke iya ɗaukar abu, mutum biyu suke ci: ɗaya ya riƙe kai da hannun hagu, na biyu ya sa hannunsa cikin na dama. 'Yar tsanar mai dafa abinci ɗan Suwidin, wato Swedish Chef, ma Henson ne yake riƙe da kansa da muryarsa, Frank Oz kuma ya ba shi hannuwa biyu, kowannensu yana ƙoƙarin ba ɗan'uwansa mamaki a gaban kyamara. Rabin dariyar daga nan take fitowa, ba daga takarda ba.

Wannan tsari ya haifar da abin da yawancin masu kallo ba sa lura da shi. Mutum ɗaya yana riƙe da taurari da yawa. Henson ne Kermit da Rowlf da Dr. Teeth da tsoho Waldorf. Oz ne Miss Piggy da Fozzie da Animal da mikiya Sam. Hunt ne Scooter da Janice da Beaker da tsoho Statler. Tun da mutum ba zai yi hira da kansa da hannu ɗaya ba, sai marubuta, ƙarƙashin Jerry Juhl, suka riƙa gina fitowa bisa mutane bibbiyu da suka san numfashin juna. Kermit da Piggy, Henson da Oz ne. Kermit da Fozzie, su ne dai. Tsofaffin nan biyu masu gwasale kowa daga saman bene, Henson da Hunt ne. Bunsen da Beaker, Dave Goelz da Hunt ne. Kamar mawaƙi da makaɗin kalangunsa ne, kowa ya san inda ɗan'uwansa zai ja da inda zai saki ba tare da an yi magana ba. Haka aka yi kashi 120 na The Muppet Show a Ingila daga 1976 zuwa 1981. Duk aikin Muppets da ya yi rauni, in ka bi diddigi, za ka tarar an raba waɗannan bibbiyun, ko an raba hannu da murya, ko an rubuta labarin da bai ba su wurin haɗuwa ba.

Muppets from Space na 1999 shi ne misali mafi bayyana, don haka zan daɗe a kansa. A lokacin Henson da Hunt ba sa raye, an rufe bakin Rowlf da Scooter da Janice na shekaru ko an bar su da kalma ɗaya biyu, saboda girmamawa da kuma rashin magaji. Frank Oz ya zama babban daraktan finafinai, bai samu halartar yawancin ɗaukar ba. Wasu ne suka motsa Piggy da Fozzie da Animal, daga baya ya ɗora murya. Ga wanda bai san aikin ba, wannan ba komai ba ne, ai a zanen katun ma haka ake yi. Amma a nan barkwancin yana cikin hannu. Piggy takan fara magana da siririyar murya mai yanga, sai ta juya kai farat ɗaya muryar ta koma gurnani, kuma juyin kan da faɗuwar muryar dole su faɗo cikin daƙiƙa guda, daga jiki guda. In wani ya riga ya yanke tsawon shirun da hannunsa, mai ɗora murya sai dai ya bi sahu. Abin da ya rage da ƙarfinsa a fim ɗin shi ne Goelz da Steve Whitmire, wato Gonzo da ɓera Rizzo, sai Bill Barretta da ya shigo da Pepe. Shi ya sa fitowar waɗannan take da rai, ta sauran kuma take kamar an gayyato su gaisuwa.

Sai kuma waƙa. Finafinan farko an gina su ne bisa waƙoƙin da aka rubuta musamman domin taurarin, irin waɗanda Paul Williams ya yi wa The Muppet Movie na 1979 da The Muppet Christmas Carol na 1992. A waƙa ne 'yar tsana take faɗin abin da ke ranta ba tare da an ji nauyi ba, domin fuskar soso da yadi ba ta iya ɗaukar doguwar magana mai taɓa zuciya. A Muppets from Space an ajiye wannan, aka cika fim ɗin da tsofaffin kaɗe-kaɗen rawa na Amurka. Kiɗan yana da daɗi, fitowar da gidan duka ya tashi da safe ana layin banɗaki tana cikin mafi kyawun abin da ke ciki, amma babu inda kaɗaicin Gonzo ya samu waƙar kansa, alhali labarin duka a kan kaɗaicin nan yake.

Babban ƙorafin masoya shi ne an ce Gonzo ɗan wata duniya ne, kuma ina tare da su ɗari bisa ɗari. Shekara ashirin da wani abu darajar Gonzo ita ce ba wanda ya san ko shi mene ne, kuma abokansa ba su taɓa buƙatar sani ba kafin su karɓe shi. Joey Mazzarino, ɗaya daga marubutan, ya bayyana cewa a rubutunsa na farko baƙin sama sun kwaikwayi siffar Gonzo ne saboda sun kama shirinsa a na'urarsu, a ƙarshe sai ya gane ba danginsa ba ne, danginsa su ne waɗanda yake zaune da su. Wannan ƙarshen ya fi wanda aka ɗauka nesa ba kusa ba. An kashe kimanin dala miliyan 24, abin da ya dawo kimanin miliyan 22 ne kawai, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, kuma Muppets ba su sake shiga sinima ba sai 2011 da fim ɗin The Muppets.

Tsakanin nan mallakar ta yi ta yawo. Iyalan Henson sun sayar wa kamfanin EM.TV na Jamus a 2000, suka sake saye a 2003, sannan Disney ta sayi Muppets a 2004. Oz ya ajiye taurarinsa a farkon shekarun 2000, Eric Jacobson ya gaje shi, Juhl kuma ya mutu a 2005. A cikin wannan hali aka yi The Muppets' Wizard of Oz, wanda tashar ABC ta nuna a Mayun 2005, kuma shi ne wanda masoya suka fi haɗuwa a kan cewa ya fi kowanne rauni.

Laifinsa ya fi fitowa in an ajiye shi kusa da na 1992 da Muppet Treasure Island na 1996, tun da duka ukun tsohon littafi aka ɗauko aka zuba 'yan tsana ciki. Irin wannan aiki yana tsayawa ne bisa ɗan wasa mutum guda da ke tsakiya. A na 1992 Michael Caine ya yi marowacin attajiri Scrooge da gaske, bai taɓa nuna ya san da kwaɗon yadi yake magana ba, shi ya sa mai kallo ma yake mantawa. A na 1996 Tim Curry ya bi ta wata hanya, ya zama ya fi 'yan tsanan hauka. Duka biyun suna aiki. A fim na 2005 an ba mawaƙiya Ashanti matsayin Dorothy, ga ta da murya amma ba ta da gogewar wasa da abokin da idonsa roba ne, kuma rubutun bai taimake ta ba: an mai da burin yarinyar daga komawa gida zuwa zama tauraruwa, wanda ya cire wa labarin zuciyarsa. An ba Piggy mayu huɗu duka, sai izzarta ta yi yawa babu mai taka mata birki. An cusa barkwancin manya mai kusa da batsa da ambaton abubuwan yayin shekarar, har da fitowar darakta Quentin Tarantino, waɗanda yaro ba zai gane ba, babba kuma yau sun tsufa a kunnensa. Hotunan kwamfuta na wurin boka Oz ma an yi su da kuɗin talabijin, kuma kusa da 'yar tsanar da ake iya taɓawa sai suka fito fayau.

Kermit's Swamp Years na 2002 ba ya buƙatar dogon bayani. Faifan bidiyo ne na ƙananan yara a kan ƙuruciyar Kermit, babu sauran tawagar. Kermit kuwa aikinsa shi ne riƙe mahaukata, in babu su ba shi da abin yi.

Shirin ABC na 2015 shi ne wanda ra'ayi ya fi rabuwa a kansa, kuma a nan sai an yi adalci. Ta fuskar motsa 'yan tsana yana cikin mafi gwaninta da aka taɓa yi: kyamara tana yawo a kafaɗa cikin ofis, 'yan tsana suna shiga suna fita ta kowace kusurwa, kuma ba ka ganin kan mutum ko ɗaya. Duk wanda ya san wahalar ɓoye masu wasa goma ƙarƙashin dandali zai jinjina musu. Matsalar tana cikin salon. An ɗauko tsarin shirye-shiryen ofis inda ake yi kamar ana ɗaukar rayuwar gaske, kowa ya zauna shi kaɗai ya gaya wa kyamara abin da ya ɓoye wa abokan aikinsa. Dariyar wannan salo daga jin kunya da gajiya da aiki take fitowa. Muppets kuwa an gina su ne bisa akasin haka: tawaga ce ta marasa gwaninta da suka yi imani da wasansu har zuci, Fozzie yana ba da barkwanci mara daɗi amma gobe zai sake hawa dandali da fata. Da aka mai da su ma'aikatan da suka gaji da juna, sai Piggy ta zama shugaba mai muguntar da babu rauni a bayanta, Kermit ya zama mai kauce-kauce da yaudara. An kuma buɗe shirin da rabuwar Kermit da Piggy da shigo da sabuwar budurwa Denise, aka kashe makonni a kan soyayya maimakon wasa. Ga kuma zaman kaɗaici gaban kyamara, wanda shi ne ainihin raba bibbiyun da na faɗa.

Kashin farko ya samu masu kallo kimanin miliyan 9, na ƙarshe bai kai miliyan 3 ba. Bayan kashi 10 aka sauya mai jan ragamar rubutu, Kristin Newman ta karɓi Bob Kushell, aka dawo da waƙa da wasannin dandali da ɗan taushin zuciya a kashi 6 na ƙarshe. Masoyan da suka daure har ƙarshe suna cewa shirin ya fara gano kansa ke nan aka soke shi a 2016, kuma gaskiya suka faɗa. A nan ne ma Uncle Deadly, wanda Matt Vogel yake riƙewa, ya tashi daga tsohon tauraron da aka manta ya zama mai kula da tufafin Piggy, kuma Vogel da Jacobson, mai riƙe Piggy, suka zama sababbin bibbiyu masu kyau.

Muppets Now na 2020, kashi 6 a Disney+, gajerun wasanni ne da aka shirya su tsaya daban-daban, daga baya aka ɗinke su da Scooter yana tura su ta kwamfuta. Kowane kashi kusan jerin nan ne dai: Piggy da shawarwarinta, gasar girki, gwajin kimiyya, gasar Pepe. Da wuya ka ga taurari biyar a hoto ɗaya. Akwai dalilin kuɗi a nan da ya kamata a sani: fitowa mai 'yan tsana goma, in biyar cikinsu masu buƙatar mutum biyu ne, mutum goma sha biyar take buƙata a ƙarƙashin dandali, kowa da talabijin ɗinsa, kuma hannun da ke miƙe sama ba ya jure dogon lokaci sai an tsaya an huta. Duk lokacin da aka matse kasafi, cunkoson nan ake fara yankewa, kuma cunkoson shi ne Muppets.

Akwai inda nake ganin masoya sun yi tsauri fiye da kima. Tun da Disney ta sallami Whitmire, wanda ya gaji Kermit daga Henson, a 2016 Vogel ya karɓi Kermit a 2017, ƙorafin murya ba ya ƙarewa. Muryar ta bambanta, babu musu, kamar yadda ta Whitmire ta bambanta da ta Henson. Kan Kermit kusan babu soso a ciki, yadi ne bisa yatsu, don haka ko fuskarsa tana sauyawa da hannun da ke ciki. Amma abin da aka rasa ya fi murya: Kermit na Henson yana da zafin rai, yakan haƙura ya haƙura sannan ya fashe yana wurgi da hannuwa, marubutan baya kuma suka mai da shi mai sanyi da baƙin ciki tun kafin Vogel ya zo. Tafiyar Whitmire ta kuma rufe bakin Rizzo, aka rasa Gonzo da Rizzo, shi ya sa a Muppets Haunted Mansion na 2021 aka haɗa Gonzo da Pepe.

Muppets Most Wanted na 2014 ma an zalunce shi. Ya samu kimanin dala miliyan 80, na 2011 kuwa ya kai wajen miliyan 165, sai aka yi masa tambarin faɗuwa. Amma waƙoƙin Bret McKenzie a cikinsa ba su gaza na fim ɗin 2011 da ya ba shi kyautar Oscar ba, ɓarawon kwaɗo Constantine abin dariya ne na gaske, kuma 'yan tsanan ne ke jan labarin, ba mutane ba, saɓanin na 2011 wanda Oz da kansa ya ƙi shiga saboda bai gamsu da rubutun ba. Rauninsa shi ne an kulle Kermit a kurkukun Saberiya nesa da tawagarsa tsawon fim ɗin. Haka Muppets Tonight na 1996 zuwa 1998, kashi 22: an ƙi shi don an ba Clifford jagoranci maimakon Kermit, amma zangonsa na biyu yana da kyau, kuma daga nan Pepe ya fito.

In kana so ka auna da idonka, kashe sauti na minti biyu ka kalla. Duba ƙwayar ido: an ɗan karkato su ciki domin su haɗu a wuri ɗaya, dabarar da maƙerin 'yan tsana Don Sahlin ya kafa, kuma gwani yana sa su sauka daidai kan wanda ake yi wa magana. Duba baki: haɓa ce ya kamata ta sauka a kowace gaɓar kalma, in saman kai ne yake tashi, ido zai riƙa kallon rufi. Duba wanda ba ya magana, ko yana saurare yana numfashi ko ya daskare. Sannan ƙirga 'yan tsanan da ke bayan fage suna harkarsu. Daga nan ka mai da sauti ka ga ko akwai waƙar da aka rubuta domin labarin.

Game da yara, ka tsallake fim na 2005 gaba ɗaya, shirin 2015 kuma na manya ne, akwai zancen shaye-shaye da na soyayya. Abu biyu kuma da uba zai so ya sani tun kafin ya kunna: Muppets from Space yana buɗewa da mafarkin da wani ɗan wasa ya fito a matsayin Annabi Nuhu, It's a Very Merry Muppet Christmas Movie na 2002 kuma yana da fitowar da aka sa 'yar wasa ta wakilci Ubangiji. Ka fara musu da The Muppet Movie na 1979, sai The Great Muppet Caper na 1981 saboda fitowar kekuna da har yau ake mamakin yadda aka ɗauke ta, sai na 1996 da na 2014. In ƙanana ne sosai, 'yan tsanan Sesame Street sun fi dacewa da su. Daga hannun Henson suka fito su ma, amma suna ƙarƙashin Sesame Workshop ne ba Disney ba, kuma su ne suka zo Najeriya a 2011 da sunan Sesame Square a tashar NTA, tare da Kami da Zobi.